Yadda Ake Tara Mil Na Jirgin Sama: Katin Cirar Kuɗi Ko Katin Bashi?

Duk wanda ke zaune a Amurka alhali iyalinsa na Kano, Zariya, Maraɗi ko Kumasi ya san abin da tikitin zuwa gida yake yi wa aljihu, balle a watan Disamba ko lokacin dogon hutun makarantu. Akwai hanyar rage wannan nauyi wadda da yawa daga cikinmu suka bari tana wuce su, wato tara mil, makin lada da kamfanonin jiragen sama ke bayarwa wanda ake musanyawa da tikiti, da kuɗin da dama can sai ka kashe su a cefane, man mota da kuɗin waya. Tambayar da aka fi yi ita ce: da wane kati? Katin cirar kuɗi, wanda muka saba kira katin ATM, mai ɗiba kai tsaye daga asusunka, ko katin bashi, wanda banki ke biya maka kai kuma ka biya shi daga baya?

Katin bashi ya fi tara mil nesa ba kusa ba, amma ga mutum iri ɗaya kawai: wanda ke biyan bashinsa kaf kowane wata, kuma zuciyarsa ta natsu da hukuncin katin a addini. In ba kai ne wannan mutumin ba, kada ka tilasta wa kanka. Akwai wata hanyar, ta fi jinkiri, amma ba za ta jefa ka cikin rami ba.

Da farko ka san inda mil ɗin ke fitowa

Kamfanin American Airlines ne ya fito da shirinsa na AAdvantage a 1981, United da Delta suka biyo baya a shekarar. A lokacin sai ka hau jirgi kake samun mil. Yanzu kuwa kamfanonin jirage sayar wa bankuna mil suke yi, bankuna kuma su raba wa masu katinsu. Kasuwa ce babba: a 2023 kaɗai Delta ta karɓi kusan dala biliyan 6.8 daga kamfanin katin bashi na American Express.

To banki da me yake sayen mil ɗin? Duk sanda ka goga kati a kanti, mai kantin ba ya karɓar kuɗinsa cif. Ana yanke masa wani kaso, mafi yawansa ya tafi ga bankin da ya ba ka katin. A katin bashi kason yakan kai wajen kashi 2 cikin ɗari, wani lokaci fiye. Daga cikinsa ne banki ke yago maka mil, kamar gyaran da mai awo ke ɗora maka a kan mudu don gobe ma ka dawo wurinsa.

Katin cirar kuɗi ma da can haka yake. Abin da ya sauya shi gyaran doka ne da Sanata Dick Durbin na jihar Illinois ya shigar cikin dokar Dodd-Frank ta 2010, wanda ya fara aiki ran 1 ga Oktoba 2011. An ƙayyade wa manyan bankuna, masu kadarar da ta haura dala biliyan 10, abin da za su karɓa: santi 21, da kashi 0.05 cikin ɗari na cinikin, da ƙarin santi 1 na yaƙi da damfara. Yi lissafi da kanka. Ka yi sayayyar dala 100 da katin cirar kuɗi, banki ya samu santi 27. Ka yi ta da katin bashi, ya samu wajen dala 2. Wanda ya samu santi 27 ba zai saya maka mil na dala guda ba. Shi ya sa a 2011 manyan bankuna irin su Chase suka rufe shirin ladan katunansu na cirar kuɗi.

Amma dokar ta bar ƙofa, domin ba ta shafi ƙananan bankuna ba. Ta wannan ƙofa ce United da Southwest suka fito da katunan cirar kuɗi masu tara mil a 2025, dukansu ta hannun wani ƙaramin banki na jihar Minnesota mai suna Sunrise Banks.

Mataki na 1: Zaɓi hanyar gida kafin ka zaɓi kati

Nan ne aka fi yin kuskure. Mutum ya ga talla, ya karɓi kati, ya shekara yana tarawa, sannan ya gano kamfanin bai da jirgin da ke sauka inda yake so. Ka fara daga filin jirgin da kake son sauka, ka dawo baya.

Manyan kamfanoni sun kasu ƙawance uku, kuma mil na kamfani ɗaya yana sayen kujera a jirgin abokin ƙawancensa. A Star Alliance akwai United, Ethiopian Airlines, EgyptAir, Turkish Airlines, Lufthansa da Air Canada. A oneworld akwai American, British Airways, Qatar Airways da Royal Air Maroc. A SkyTeam akwai Delta, Air France, KLM, Kenya Airways da Saudia.

Ga mai son sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano, ni Star Alliance nake ba shi shawara ya fara dubawa, saboda Ethiopian da EgyptAir sun daɗe a wannan hanya, ɗaya ta Addis Ababa ɗaya ta Alƙahira. Qatar ma ta fara zuwa Kano a 2022. Mai zuwa Legas ko Akara yana da jiragen Delta da United kai tsaye daga Amurka. Mutumin Yamai ya duba Ethiopian, Turkish da Royal Air Maroc. Wanda kuma Umra ce a ransa, ya tuna Saudia tana SkyTeam. Jadawalin jirage yana sauyawa, don haka ka shiga shafin kamfanin ka tabbatar hanyar tana nan kafin ka ɗora shirinka a kanta.

Mataki na 2: Buɗe asusun mil, kyauta ne

Ba ka bukatar kowane kati kafin ka yi rajista da MileagePlus na United, SkyMiles na Delta, AAdvantage, ShebaMiles na Ethiopian ko Privilege Club na Qatar. Minti kaɗan ne a waya.

Abu ɗaya nake roƙonka ka kula da shi: sunanka. Ka ɗauko fasfo ka buɗe shi a gabanka, ka kwafi sunan harafi bayan harafi. Mu muna da wannan matsala fiye da wasu. Fasfo ya ce Mohammed, banki ya ce Muhammad, tikiti kuma ya ce Muhammed. Ko sunan mahaifi ya koma gaba a wani wuri, ya koma baya a wani. In suna bai zo ɗaya ba, mil na tafiyar da ka yi zai iya ƙin shiga, kuma tura maki daga banki zuwa kamfanin jirgi zai iya tsayawa. Ka buɗe wa uwargida da kowane yaro nasa asusun, domin mil na hawa jirgi wanda ya zauna a kujerar ake ba, ba wanda ya biya ba.

Mataki na 3: Zauna ka yi wa kanka hisabi

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne nauyi, kuma tambayoyi biyu ne.

Ta farko ta aljihu ce. Kuɗin ruwan katin bashi a Amurka ya haura kashi 20 cikin ɗari a shekara a 2023 da 2024. Mil guda kuwa, in aka daidaita, darajarsa ba ta cika wuce santi 1 zuwa santi 1 da rabi ba. Ɗauki mutumin da ke kashe dala 1,500 a wata, wato dala 18,000 a shekara. In katinsa na ba da mil 1 kan kowace dala, ya tara mil 18,000, abin da bai fi dala 180 zuwa 270 ba. Yanzu a ce ya bar bashin dala 3,000 yana kwana a katin shekara guda a kan kashi 22 cikin ɗari. Ya biya dala 660 na ruwa. Ya ba da ɗari shida da sittin don ya karɓi ɗari biyu da wani abu. Saboda haka ka duba watanni shida da suka wuce da idon gaskiya. In akwai watan da albashi ya ƙare kafin wata ya ƙare, ko kai ne wanda ake bugo wa waya daga gida da larurar asibiti ba ka iya cewa a'a, katin bashi zai zame maka wurin ɗibar gaggawa, mil kuma ya zama hujjar da kake ba kanka. Ka tsaya kan katin cirar kuɗi tukuna.

Ta biyu ta addini ce, kuma ban yarda a tsallake ta ba. Yarjejeniyar katin bashi na yau da kullum tana ɗauke da sharaɗin biyan ruwa in ka yi jinkiri. Majalisar Fiƙihu ta Duniya da ke ƙarƙashin ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC, a zamanta na Riyad a shekarar 2000, ta yanke cewa bai halatta a yi mu'amala da irin wannan kati ba, ko da mai shi ya ƙudurta biya kafin ruwa ya hau. Akwai kuma malamai, musamman masu ba da fatawa ga Musulmin Turai da Amurka, da suka yi sassauci saboda bukata, da sharaɗin mutum ya tabbata zai biya a kan lokaci, ganin cewa kama hayar gida ko ta mota a can yana wuya ba tare da tarihin bashi ba. Ka kai maganar gaban malamin da ka amince da iliminsa, ka faɗa masa halinka yadda yake. Ka kuma lura cewa sassaucin saboda bukata aka yi shi, kuma son tara mil shi kaɗai ba lallai ya shiga sahun bukata ba. Katin cirar kuɗi ba shi da wannan taƙaddama, kuɗinka ne kake kashewa. 'Yan'uwa mazauna Saudiyya da Dubai sun fi mu sauƙi a nan: bankin Al Rajhi yana da katin da ke tara mil na Alfursan na Saudia, bankin Emirates Islamic kuma yana da na Skywards na kamfanin Emirates, duka a tsarin bankin Musulunci.

Mataki na 4: In katin cirar kuɗi ka zaɓa

Ka san tun yanzu abin da za ka samu. Katin United na cirar kuɗi yana ba da mil 1 kan kowace dala 2 a sayayyar yau da kullum, da mil 1 kan kowace dala in tikitinsu ka saya. Mutuminmu mai kashe dala 18,000 zai tashi da mil 9,000 a shekara. Irin waɗannan katunan kuma suna da kuɗin wata, sai dai in ka bar wani adadi yana zaune a asusun. Ka ninka kuɗin watan sau goma sha biyu, ka kwatanta da darajar mil ɗin. In kuɗin ya cinye rabi, katin bai biya wahalarsa ba. Alherinsu shi ne babu bashi a ciki, ba a kuma bukatar dogon tarihin bashi kafin a ba ka.

Amma gaskiyar magana, ƙarfin mai katin cirar kuɗi ba a katin yake ba, a wasu ƙofofi biyu yake da mutane suka raina.

Ƙofa ta farko ita ce kasuwar intanet ta kamfanin jirgin: MileagePlus Shopping, AAdvantage eShopping, SkyMiles Shopping. Maimakon ka tafi shafin kanti kai tsaye, sai ka fara shiga nan da lambar asusunka, ka nemo kantin, ka danna, ya kai ka shafinsa, ka yi sayayya yadda ka saba. Farashi bai ƙaru ba, kuma ba ruwansu da irin katin da ka biya da shi. Wani kantin mil 1 kan dala yake bayarwa, wani 3, wani fiye da haka a lokacin rangwame. Tsarabar da za ka kai gida, takalma, turare, waya, agogo, in ka bi da ita ta nan, sayayyar dala 1,000 a kan mil 3 ta ba ka 3,000, daidai da abin da katin zai ba ka sai ka kashe dala 6,000. Ka gama sayayyar a zama ɗaya, kada ka rufe shafin ka dawo daga baya, kuma kada ka sa lambar rangwame da ka tsinto a wani wuri, domin takan soke mil ɗin.

Ta biyu shirin gidajen abinci ne, irin su MileagePlus Dining da AAdvantage Dining. Kana rajistar katin da kake da shi sau ɗaya, duk sanda ka biya da shi a gidan abincin da ke cikin shirin mil ya shiga da kansa. Wurin biya, in na'urar ta nemi lambar sirri, ka zaɓi biya ba tare da ita ba in akwai dama, saboda cinikin da aka yi da lambar sirri yakan bi wata hanya daban wadda shirin ba ya gani.

Sai ka kiyaye katin sosai, don kariyarsa a doka ba ta kai ta katin bashi ba. In an sace katin bashi, iyakar abin da doka ta ɗora maka dala 50 ne. A katin cirar kuɗi dala 50 ɗin sai in ka kai rahoto cikin kwana biyu na aiki da sanin ɓatansa; ka wuce haka zai iya kai dala 500, in kuma kwana 60 suka wuce bayan an aiko maka bayanin asusu ba ka ce komai ba, kana iya rasa duka. Kuma kafin a gama bincike, kuɗin hayarka ne ba ya nan. Ka kunna saƙon da ke shigo maka a waya duk sanda aka taɓa asusun. Ka kuma tuna otal da kamfanin hayar mota suna riƙe wani kuɗi na jingina na 'yan kwanaki.

Mataki na 5: In katin bashi ka zaɓa

Sabon zuwa Amurka ba a ba shi manyan katuna ranar farko. Makin amana na FICO, wanda bankuna ke dubawa su auna yadda kake biyan bashi, yana tsakanin 300 da 850, kuma kashi 35 cikin ɗari nasa daga biya a kan lokaci yake. Ka fara da katin da ake ajiye jingina, misali ka ajiye dala 300 a ba ka iyakar dala 300, ka riƙa ƙaramar sayayya kana biya, har wajen shekara guda.

Daga nan kana da zaɓi biyu. Akwai katin kamfanin jirgi guda: Delta da American Express take, United da Chase, American da Citi. Akwai kuma katin da ke tara makin banki wanda kake turawa kamfanin da ka ga dama. Makin Chase yana tafiya United, Air Canada, British Airways da Flying Blue na Air France da KLM. Na American Express yana tafiya Delta, Qatar, Flying Blue da Air Canada. Na Citi da na Capital One suna tafiya Turkish. Ga mai zuwa Afirka ta Yamma na fi son iri na biyu, domin kujerun mil a hanyarmu ba su da yawa, in wannan ƙofa ta rufe kana so a ce kana da wata.

Babban kamu shi ne kyautar shiga. Banki yakan ce ka kashe, misali, dala 4,000 cikin wata uku, a ba ka maki 60,000. Wannan kaɗai ya fi abin da mai katin cirar kuɗi zai tara a shekara shida. Dabarar ita ce ka karɓi katin dab da wata babbar hidima da dama za ka yi, inshorar mota, gyaran haƙori, sayen kujeru, kuma kuɗin na nan a asusunka. Kada ka ƙirƙiro sayayya don cika adadi. Ka kuma cire kuɗin shekara daga lissafin. Chase Sapphire Preferred, alal misali, dala 95 ne. Chase ɗin kuma an san shi da ƙin ba da kati ga wanda ya buɗe katuna biyar cikin wata 24, don haka kada ka yi ta karɓar katin kowane kanti da aka miƙo maka.

Ranar da katin ya iso, kafin ka saya ko ruwan sha da shi, ka shiga manhajar banki ka saita biya da kansa. Za ka ga zaɓi biyu a jere. Ɗaya ɗan ƙaramin adadi ne, kamar dala 35 ko 40, mafi ƙarancin abin da banki zai karɓa. Ɗayan shi ne jimillar bashin watan. Na biyun za ka danna. Na farkon shi ne tarkon, domin in shi kake biya ba a ce ka yi latti ba, amma ruwa na hawa kan ragowar kowace rana. Doka ta sa a bar aƙalla kwana 21 tsakanin aiko takardar bashi da ranar biya, kuma muddin ka biya jimillar kafin ranar, ba a ɗora maka ko santi na ruwa a kan sayayya.

Abu biyu kada ka yi da wannan kati. Kada ka ciri tsabar kuɗi da shi a ATM, kuma kada ka tura kuɗi gida da shi. Bankuna da yawa suna ɗaukar aiken kuɗi a matsayin rancen tsaba: a caje ka kuɗin aiki, ruwa ya fara hawa daga ranar ba wani wa'adi, kuma babu mil ko ɗaya. Aiken gida ya fita daga asusunka na banki. Haka nan in mai gidan haya zai ƙara maka kashi 3 cikin ɗari don ka biya da kati, ka bar shi, mil ɗin bai kai haka daraja ba.

Mazauna Birtaniya da Turai su rage buri kaɗan. Tun 2015 aka ƙayyade kason bankuna a can, kashi 0.2 cikin ɗari a katin cirar kuɗi, 0.3 a katin bashi, shi ya sa kyaututtukan ba su kai na Amurka ba. A Birtaniya katin British Airways na American Express ne aka fi tara Avios, wato mil na British Airways, da shi. A Najeriya da Nijar kuwa katin bashi bai yaɗu ba; ɗan kasuwar da ke zirga-zirga Dubai, Alƙahira ko Guangzhou ya riƙe kamfani ɗaya, ya tabbata wakilin da ke yankar masa tikiti ya sa lambar asusunsa a kowace tafiya.

Mataki na 6: Karɓar tikitin

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kamfanoni suna buɗe kujeru kusan wata goma sha ɗaya kafin tashi, kuma na Disamba su ne ke fara ƙarewa. Daga Amurka zuwa Afirka ta Yamma a kujerar talakawa, ka sa ran mil 40,000 zuwa sama a zuwa kawai, dawowa ma haka. In abin da ka tara bai kai na zuwa da dawowa ba, ka karɓi ɓangare ɗaya da mil, ɗayan ka biya da kuɗi.

Ka nemo kujerar ka gan ta da idonka a shafin kamfanin kafin ka tura makin banki, domin in ya tafi ba ya dawowa. Ka duba kuɗin da za ka biya a kan mil ɗin: haraji dole ne, amma wasu kamfanoni, British Airways ta Landan musamman, suna ɗora ƙarin da ke kai ɗaruruwan daloli, alhali United da Air Canada ba sa ɗora irin wannan ƙari. Don ka san ko cinikin ya yi kyau, cire harajin daga farashin tikitin na kuɗi, ka raba abin da ya rage da yawan mil. Tikitin dala 900 mai harajin dala 100 a kan mil 45,000 ya ba ka kusan santi 1.8 kan kowane mil, wannan ka karɓa. In bai kai santi 1 ba, ka biya da kuɗi ka adana mil ɗinka.

Sai dai kada ka adana shi shekara da shekaru, don kamfanoni suna ƙara farashin kujeru ba tare da sun nemi shawararka ba. Na Delta da United ba sa mutuwa, amma na American suna tafiya in asusu ya yi wata 24 ba motsi, Avios na British Airways kuma wata 36. Ƙaramar sayayya ɗaya ta kasuwar intanet ɗinsu ta isa ta sabunta wa'adin.

Bayan ka biya, ka duba saƙon da aka aiko maka ka tabbatar akwai lambar tikiti mai alƙaluma 13, ba lambar ajiyar kujera kaɗai ba. Tikitin da United ta yanka da 016 yake farawa ko da jirgin Ethiopian za ka hau. Sannan ka nemi lambar ajiya ta shi kamfanin da zai ɗauke ka, wadda sau da yawa daban take, ka shiga shafinsa ka ga sunanka a kowane zango har Kano, ka zaɓi kujera, ka kuma karanta adadin jakunkunan da aka yarda maka kafin ka fara ɗaure tsaraba.